Ƙorafi Kan Oba-obar da Ta Jawo Aka Tafi da Mijina

Daga: Mashkura Abdulƙadir
Gida na 14, Rukunin Ma'aikata, Kubwa

Zuwa ga: Mai Girma Sakatare
Kwamitin Koke-koken Ma'aikatan da Aka Taso daga Legas
Garki, Abuja

Litinin, 24 ga Fabrairu, 1992

Game da: Tafiya da Malam Abdulƙadir Lawal saboda rediyon hannu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da kokena kamar haka.

1. Mijina, Malam Abdulƙadir Lawal, ma'aikacin gyaran wayar tarho ne. An taso mu daga Legas a watan Disamba, lokacin da gwamnati ta dawo Abuja. Shekara tara yana da lasisin masu sha'awar magana ta rediyo, ga kwafinsa na haɗo.

2. Oba-oba biyu gare shi. Tsohuwar abin murɗawa ɗaya ne da ita, ko makaho zai sarrafa, sai dai ba ta cin nisa. Sabuwar, wadda ya saya dab da tasowarmu, tana kaiwa har cikin gari, tana riƙe layuka da yawa, amma maɓallanta sun fi ashirin, kowanne da aiki biyu. Mun daɗe muna ja-in-ja a kanta. Shi yana cewa unguwar da babu tarho ko ɗaya, nisa ake nema. Ni ina cewa abin da mutum ba zai iya dannawa cikin gaggawa ba, ba na ranar tashin hankali ba ne. Ashe kuma mai sayarwa ya buɗe ta, tana shiga layukan da ba na farar hula ba. Wannan ban sani ba sai daga baya.

3. Ranar Talata, 11 ga wata, da misalin sha ɗaya na safe, jini ya ɓalle wa maƙwabciyata, Lucia George, tana da cikin wata takwas. Motar ma'aikata ta kwashe mazan unguwa tun safe. Mijina yakan bar mini sabuwar a saite kan layinsa, shi ya tafi da tsohuwar, don ko amsarsa ba ta iso ba, zai ji kirana. Na ɗauko ta in kira shi, garin sauri yatsana ya taɓa wani maɓalli, lambobin suka canza, na kasa mayar da su. Na yi ta kira haka nan. Wani namiji ya amsa, ya tambayi inda nake da sunan mai rediyon. Na faɗa masa duka, har lambar gida, ina zaton mota zai turo. Babu motar da ta zo. A tifar yashi muka kai Lucia asibiti. Ta rayu, jaririyar ma ta rayu.

4. Ranar Alhamis, 13 ga wata, bayan la'asar, mutum huɗu cikin kayan gida suka zo a mota marar lamba. Ba su nuna takarda ba, ba su faɗi inda suka fito ba. Suka ɗauki sabuwar rediyon da littafinta, suka tafi da mijina da silifas a ƙafarsa. Na ce musu ni na yi maganar, ko kallona ba su yi ba.

5. Yau kwana goma sha ɗaya. Na je ofisoshi biyar, kowa ya ce ba ya wurinsu. Yana da ciwon asma, abin shaƙarsa yana nan kan taga. Maƙwabta sun daina shigowa, ban da Lucia. Duk motar da ta rage gudu a layinmu sai in leƙa ta taga.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma, cikin ladabi, a sanar da ni inda yake, a karɓi maganinsa a kai masa, a kuma ɗauki bayanina a rubuce, domin muryar da aka ji tawa ce, shi yana bakin aiki a lokacin.

Akwai kuma tsohuwar rediyon, ba su gan ta ba. Na cire batirinta, na naɗe ta a zani. Ina tsoron ajiye ta, ina tsoron yar da ita kada a ce na ɓoye shaida. Don Allah a gaya mini hannun da zan damƙa ta, zan kawo da kaina, ko da ni ma ba za a bar ni in koma gida ba.

Allah ya ƙara girma.

Taka mai biyayya,
Mashkura Abdulƙadir