Ba wadda ta zo gaishe da Rifkatu

Yaya Saratu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina gajiya, ina Inna da ciwon ƙafarta? Ina yara da mutanen Maradi? Mu nan Saint-Denis ta Faransa da sauƙi.

Yaya, cikin 'yata Rifkatu bai tsaya ba. A wata na biyar likitocin Lyon, garin da take zaune, suka ce jaririn ba zai rayu ba, in an bar shi ita ma za ta bi shi. Aka cire. Na ɗauko ta gidana ta yi jinya.

Kin san zumuntar matan majami'a: ko ɓari mace ta yi, sai mun je da kunu, mu zauna, mu yi waƙa. Na share ɗaki, na jera kujeru. Ba wadda ta zo.

Ran Lahadi na lallashe ta muka je majami'a. Fasto ya hau wa'azin zaɓen shugaban ƙasa, ya ce duk mai ba masu halatta zubar da ciki ƙuri'a, jinin jarirai na hannunsa. Matan da suka goyi Rifkatu suka ɗaga murya da amin. Rabinmu fa ko katin zaɓe ba mu da shi! Ta raɗa mini, "Mama, da ni suke?"

Washegari ta koma Lyon, har yau ba ta ɗaukar wayata.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa. Zanen goyon da kika aiko ya iso. Yana ƙasan akwatina, ban nuna mata ba.

Ƙanwarki,
Talatu