Zangon Baba a Taswirar Faransawa

Damagaram

Ɗana Siradji,

Assalamu alaikum. Ina aiki, ina iyali? Wata biyu ke nan da na aiko maka tsohuwar taswirar Faransawa mai alamar zangon alhazai, inda Babana, kakanka, ya rasu a hanyar Makka. Ka ce kwamfutarka za ta nuna wurin nan take. Shekarata saba'in da takwas, gwiwa tana ƙarewa. Ina son in tsaya a kan kabarin mahaifina kafin in bi shi. Ko na'urar ma ta tsufa ne?

Goggonka Hadjara

Sabangali, N'Djamena

Goggo,

Wa alaikumus salam, ina gaisuwa da ladabi. Wallahi na gaji. Na rubuta wa kwamfuta umarni ta zana layukan tsaye masu auna gabas da yamma, na ɗora su kan taswirarki, suka ƙi haɗuwa. Layi na goma sha biyar, da ya kamata ya ratsa gefen N'Djamena, ya tsere can gabas. Da na bi lambobin zangon, sai ya faɗa Borno. Na goge, na sake, har na fara zagin na'urar ofis. Kada ki shiga mota tukuna.

Ɗanki Siradji

Siradji,

Sallama. Borno kuma? Baba ya wuce Borno, ya haye kogin Shari na wajenku kafin ya kwanta ciwo, Inna ta faɗa mana da bakinta. Ka gaya wa na'urarka haka. Allah ya yi maka albarka.

Goggo

Goggo,

Barka da war haka. Ke ce da gaskiya. Malam Abdussamad, tsohon mai auna filaye a ofishinmu, ya leƙa taswirar sau ɗaya ya yi min dariya. Masu wannan taswira daga Paris suke fara ƙirga layukansu, kwamfuta kuwa daga Landan. Na ƙara digiri biyu da minti ashirin, wato tazarar Paris da Landan, komai ya zauna. Zangon yana bayan ƙauyen Gaoui, kusa da mu.

Na je ranar Juma'a. Babu kabari, Goggo. Wurin ya zama ramin da mata ke haƙar yumɓun tukwane. Na tsaya na yi masa addu'a, na yi kuka. Ki gafarce ni.

Siradji

Ɗana,

Na karanta. Likita ya hana ni tafiya, ni ma na san ba zan iya ba. Ka saya min tulu ɗaya a wajen matan nan, ka naɗe shi da kyau ka ba direba. Ba ruwa zan zuba ba, kusa da gadona zan ajiye shi.

Ka huta haka nan.

Goggonka