Takalmin Saje na Hagu

Auta,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya hayaniyar majalisa? Mu nan sai godiya. Baba na gaishe ka, maigidana ma haka, yara kuma suna tambaya ko kawunsu ya manta hanyar gida.

Na koma rubuta maka takarda ne saboda wayarka ta zama ta ado. In na kira, kana cikin taro. In ka kira, kana raɗa kamar wanda ya shiga ɗakin mutane ba sallama. Takarda dai ba za ta ce mini "bari in kira ki anjima" ba.

Maganar ƙafar Baba ce. Gyambon nan na ƙarƙashin babban yatsansa na hagu ya ƙi warkewa, ka kuwa san halin ciwon suga. Mun kai shi asibitin tsofaffin sojoji, muka fita da asuba, ba mu isa ba sai da rana ta take. Likita ya kankare wurin ya ɗaure, ya kafa mana sharaɗi: kada ya sa rufaffen takalmi, kada ya daɗe a tsaye, kuma a riƙa kawo shi wanki a kai a kai. A kai a kai, Auta, a wannan hanyar da ko mai lafiya sai ya yi jinya in ya bi ta! Da muka dawo ƙafar ta kumbura sumtum, sai a kafaɗar maigidana ya shiga gida.

To ina labarin reshen asibitin da Honarabul ɗinka ya ce zai kawo mana gari? Da kunnena na ji shi a bakin kasuwa yana dafa kafaɗar Baba yana cewa, "Saje, kai da doguwar tafiya har abada." Kai ne kake rubuta masa jawabi, kana ganinsa safe da yamma. Ka tambaye shi.

Albasar gonar Baba da muke nomawa ma tana nan jibge a rumfa tana tsiro, ba mai saye. Amma wannan ba shi ya hana ni barci ba.

Allah ya tsare ka.
Yayarka

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Na samu takardarki, kuma hankalina ya tashi da jin halin da Baba ke ciki. Allah ya ba shi lafiya. A gaida Baban su yara da su kansu yaran.

Game da asibiti, ina tabbatar miki Oga bai manta ba. Maganar tana nan a matsayin sashe guda cikin babban ƙudirin cinikin amfanin gona, wanda zai buɗe wa manoma hanyar fitar da kaya zuwa waje. An haɗa su ne don su wuce tare. Yanzu ƙudirin yana gaban kwamiti, shi kuwa kwamiti sai an bi shi a sannu.

Amma ga albishir. Oga ya gabatar da sunan Baba majalisa ta karrama shi, an kuma amince nan take. Irin wannan takardar yabo ba ta ɗaukar lokaci, ana tara su ne a karanta a jere, kowa ya ce ya yarda. Za a miƙa masa a babban ɗakin taro na garinmu cikin wata mai kamawa. Abin da ya fi faranta mini rai, ni aka ba aikin rubuta jawabin. Na rubuta yabon masu gidan burodi da ƙungiyoyin ƙwallo da mutanen da ban taɓa gani ba, yau ga shi zan rubuta na ubana.

Ki sanar da shi, don Allah. Na gode da duk ɗawainiyar da kike yi.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya, in ban da wanda ka sani.

Na sanar da shi, kuma da na san abin da zai biyo baya da na haɗiye maganar. Mutumin da sai an lallaɓa shi yake cin abinci, sai ga shi ya sa an jawo masa akwatin ƙarfen nan daga ƙarƙashin gado. Ya fito da kakinsa, ya ba ni in rage masa ƙugun wando saboda ya rame. Na hau keke na rage. Sannan ya fito da takalman. Ka tuna su, baƙaƙen nan masu dogon wuya da muke tsoron taɓawa muna yara. Tun ranar yake zaune a ƙofar ɗaki da buroshi da tsumma, yana tofa musu yawu yana gogewa, har kana ganin fuskarka a jiki.

Na ce, "Baba, likita fa ya hana."

Ya ce, "Likita ya taɓa ganin soja cikin kaki da silifa?"

Na ce to in yanke bakin na hagun da almakashi yatsan ya samu iska. Kallon da ya yi mini, sai ka ce na ce zan yanke masa kunne.

Ashe yabo nan take ake amincewa da shi, asibiti ne sai an bi a sannu. Na ƙaru da wannan karatu. Jiya kuma mun ji a rediyo dokar cinikin gona ta wuce. Maigidana har rawa ya taka a tsakar gida, dillalai sun fara zagayo rumfa. Na kasa kunne har aka gama labarai, ban ji an ambaci asibiti ba. Ko rediyonmu ne ya cinye wannan wurin?

Roƙona gare ka kaɗan ne. Ka rubuta jawabin gajere, a kuma ajiye masa kujera.

Ka huta lafiya.
Yayarka

*

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Rediyonku lafiyarsa ƙalau. An cire sashen asibitin.

Ga yadda aka yi. Shugaban kwamiti ya ce in aka buɗe reshe a garinmu, kowane ɗan majalisa zai nemi nasa, don haka ko a cire sashen ko ƙudirin gaba ɗaya ya kwanta. Ina tsaye a bayan Oga riƙe da fayil lokacin da ya ce a cire. Da muka fito ya ce mini, "Manoma dubbai ne, tsofaffin sojojin nan ba su cika ɗaki ba. Siyasa ke nan, ɗana." Ba mugun mutum ba ne, Yaya, kuma albasarku ma ai ta samu kasuwa.

Amma ban zauna haka nan ba. Na shawo kan Oga ya gayyato shugaban kwamitin wurin taron, 'yan jarida ma za su zo. Saboda haka ki yi haƙuri, jawabin ba zai zama gajere ba. Zan zuba duk abin da Baba ya taɓa ba mu labari: gadar da suka tsare, abokinsa da ya goyo a baya har sansani, shekarun da Inna ta yi tana jiransa ba labari. Ina so mutumin nan ya zauna ya ji da kunnensa, ya ga Baba da idonsa, in ga ko kunya ba za ta sa ya mayar da sashen ba. Wannan ne kaɗai makamin da nake da shi.

Kujera kuwa kada ki damu, ni da kaina zan ajiye ta a kan dandamali, mai laushi. Komai tsawon jawabin, ai a zaune zai ji shi.

Ki sa mu a addu'a.
Ƙaninki, Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. Ina fatan kun isa lafiya kai da jerin motocinku, tunda ba ka samu sukunin leƙowa gida ba.

Kai kana can bayan labule kana bin takardarka da yatsa, saboda haka bari in ba ka labarin abin da na gani daga sahun gaba. Kujerar ta yi kyau, ka cika alkawari. Baba ya zauna a kanta har zuwa lokacin da aka kira sunansa. Ana kira ya miƙe, ya buga ƙafar nan a katako, ya ƙame ya sara. Na ji bugun har cikin haƙorana. Na yi ta yi masa alama da hannu ya zauna, ko kallona bai yi ba. Ɗan soja guda, ka girma a gidansa, amma ba ka san soja ba ya zama ana karanta aikinsa ba?

Jawabinka ya yi daɗi, ba zan yi maka ƙarya ba. Da aka zo kan Inna na yi kuka. Amma ina kukan ina kallon gumi na ɗiga daga haɓar Baba, gwiwarsa ta hagu tana rawa cikin wandon da na rage masa. Aka ƙetare gada, aka goyo aboki, aka kai shi sansani, Baba na tsaye. Da takardarka ta ƙare na ce alhamdulillahi. Sai Honarabul ya ga ɗaki ya cika, ya naɗe takardar, ya ɗora da nasa na baka a kan dokar albasa da kasuwannin waje. Manoma suna tafi, har da maigidana, Allah ya yafe masa.

Ka san me Baba yake jira? A ba shi umarnin ya huta, kamar yadda ake yi a wurinsu. Duk dandamalin nan mai cike da manyan riguna, babu wanda ya san da haka. Tsohon kofur ɗin nan mai gyaran rediyo ya taso da sandarsa ya ce wa mai gabatarwa, "Ku ce masa ya huta mana!" Sai mai gabatarwar ya ɗaga masa hannu, ya sa aka miƙa wa Baba robar ruwa. Bai karɓa ba, hannunsa na manne da cinya.

Shugaban kwamitin naka kuwa na sa masa ido. Ya danna waya, ya yi hamma, da aka zo hoto shi ya fara gyara hula.

A gida takalmin ya ƙi fita. Mun ja, mun zuba mai, a banza. Ƙarshe da almakashin nan dai na yanke shi, Baba ya juya fuska bango. Abin da na gani cikin safar ba zan rubuta maka ba. Gobe da asuba za mu kama hanyar asibiti, ita dai wannan hanyar da aka ce shi da ita har abada.

Takardar yabon tana jingine a kan akwati, gilashinta ko ƙwarzane babu.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaishe ki, in har za ki amsa. Na kira har na gaji, ba ki ɗauka.

Wallahi ban yi tunanin zai tsaya ba. Na hango shi ta gefen labule, na ce yanzu zai zauna, yanzu zai zauna. Na yi niyyar in fito in kama hannunsa, sai na ga kyamarori, na ga Oga na tsakiyar magana, ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Ni ne na tsawaita abin, na sani.

Oga ya ji, kuma ya nuna damuwa ƙwarai. Ya ce motarsa tana hannunku duk ranar da kuke so. Shugaban kwamiti ya ce taron ya taɓa masa zuciya, zai duba maganar in an dawo zama na gaba. Hoton Baba ya fito a jarida, ana ta yabon yadda ya tsaya bai ko motsa ba. Oga ya sa an rataye shi a ofis, daidai saitin teburina. Ba na iya ɗaga kai.

Me likita ya ce? Don girman Allah ki faɗa mini.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa daga mahaifinka. Yayarka ce ke rubutawa, ni nake faɗa.

An yi aikin, an cire ƙafar daga ƙasan gwiwa. Na farfaɗo lafiya. Kada ka tayar da hankalinka, na ga waɗanda suka bar fiye da haka a daji, ba wanda ya karanta musu ko layi ɗaya.

Jawabinka ya yi. Ban san kana saurarona ba lokacin da nake ba ku labarin nan, na zaci barci kake yi. Ba ka bar komai ba. Ka riƙe aikinka da kyau, ka gaida maigidanka.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifinka

Auta, ni ce. Na rubuta yadda ya faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Motar Honarabul a bar masa abarsa, motar albasa ce ta kawo mu, ita za ta mayar da mu. Direban da ya ba ka wannan takarda zai ba ka kwali. Takalmin hagu ne. Baba ya sa na ɗinke inda na yanka, ya goge shi da hannunsa a kan gadon asibiti, ya ce in adana. Ni ba ni da wurin da zan iya kallonsa a gidan nan. Ka rataye shi kusa da hoton.