Zanen Inna Ya Zama Tsumman Babur

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ya zafin Agadas? Ya maigidan da yara, ya ƙafar taki? Mu nan Daura lafiya lau, sai takaicin da ya sa na ɗauki biro.

Shekaranjiya Ummi ta wajena ta dawo daga koyon sana'a tana rawar jiki, wai an koya musu rinin ƙulli, sabon abu daga ƙasar waje. Na ce, "Ke, rufe min baki! Kakarki na ƙulla tsakuwa a farin saƙi tun ba a haifi malamarku ba." Na ba ta labarin yadda muke kwance zaren in Baba ya tsamo daga karofi, hannunmu shuɗi har mako guda. Ta ce sai ta gani.

Na tafi gidanmu ɗauko zanen Inna mai taurarin nan. A ƙofar gida na tarar da shi. Ƙaninmu Sani ya yaga shi uku yana goge babur, duk baƙin mai. Ko kunya babu, wai, "Ai tsumma ne, Yaya." Karofin kuwa shara suke zubawa ciki.

Na ƙwace guntu ɗaya na wanke. Ummi ta daɗe tana kallonsa, ta ce in koya mata. Na ɗauki zare da tsakuwa, wallahi na kasa tuna ƙullin. Ashe ba Sani kaɗai ya yar da Inna ba.

In kina tunawa, ki rubuto min. Ki sa mu a addu'a, ki gaishe da mutanen gidan.

Ƙanwarki,
Rakiya