Kujerar Baba Usuman

Bagudo, Litinin.

Zuwa ga Injiniya Ni'ima, ofishin kamfaninmu na taki, Birnin Kebbi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ni ne Mudassiru, wakilinku na kasuwar bakin iyaka. Ranki ya daɗe, wayar da kuka ba ni ta shigar da oda tana neman zubar mini da mutunci. In saurayi ya zo sayen taki, ina latsawa oda ta wuce babbar na'urarku sumul. In dattijo ne, sai ta yi ja, ta ce ba a karɓa ba. Wallahi dattawa kaɗai!

Baba Usuman na Kaoje, aminin marigayi babana, ya zo har sau uku ya koma hannu rabbana, ga shinkafarsa tana jiran taki. Jiya na gaishe shi, ya kau da kai. Cewa ake ina fifita abokaina. Mi na yi wa wayar ga? A taimake ni.

Naku,
Mudassiru.

Birnin Kebbi, Laraba.

Malam Mudassiru,

Wa'alaikumus salam. Na bi odojin da suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Sunaye daidai, lambar kaya daidai, taki kuma akwai a sito. Abu guda ya haɗa su: duk sun iso da alamar ƙasar Benin, babbar na'ura kuwa ba ta buɗe odar ƙasar waje sai da takardar fitar da kaya. Na'ura ba ta san furfura ba, don haka akwai abin da ba na gani daga nan. Kada ka canza komai. Zan zo ranar kasuwa.

Ka huta lafiya,
Ni'ima.

Bagudo, Asabar.

Ranki ya daɗe,

Sallama da fatan kin sauka lafiya. Kai, ban taɓa ganin aiki irin naki ba! Na zaci za ki kwance wayar, sai kika zauna kan buhu kina kallona kamar mai jiran mota. Da tsoho ya zo, na tashi na ba shi kujerata, na koma bakin rumfa wajen dalbejiya na tsuguna ina latsawa, sai na ji kin ce, "Tsaya nan! Dubi saman wayarka." Ashe a nan wurin, layin waya na ƙasar Benin take kamawa; a kan kujerata kuwa, inda nake zaune in saurayi ya zo, layin gida take kamawa. Ni da nake wannan tsugunon kullum ban lura ba, ke a zama ɗaya kin gano. Allah ya ƙara basira.

Na yanke shawara: daga yau ba na tashi wa kowa, ko wane ne. Abin da ciwo, don ban san da wane ido zan dubi Baba Usuman yana tsaye ina zaune ba. Amma gara ya ce ba ni da kunya, ya dai tafi da takinsa.

Naki mai godiya,
Mudassiru.

Birnin Kebbi, Litinin.

Malam Mudassiru,

Salam. Kul! Na gyara. Yanzu na'ura tana ɗaukar sunan ƙasa daga adireshin rumfarka, ko wane layi wayar ta kama. Laifin namu ne, kuma na rubuta wa Baba Usuman haka da hannuna. Takinsa na cikin motar gobe. In ya zo, ka tashi masa.

Wassalam,
Ni'ima.