Lambar Farfesa Awudu

Dapaong, Maris 1968

Zuwa ga aminina Salifou, a Zongon Sokodé,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, da Adiza da yara. Ƙafar Baba ta yi sauƙi?

Bayan haka, taya ni murna, na ga girma da idona! Awudunmu, wanda ya fara da wanke gyambo a asibitin Sokodé, ya tafi waje karatu ya dawo Farfesa, yau shi ne babban jami'in lafiya na arewa duka. Ilimi kam, Allah ya zuba masa. Da alƙalami ɗaya ya rufe mana kasuwar shanu saboda cutar agana, ya ce sai kowa ya yi lamba, wato tsagar rigakafi a damtse. Makiyaya suka ce ba mai tsaga musu damtse. Shanuna suka rame har ina jin kunyar cewa nawa ne.

Talata sai ga shi da kansa, cikin kwat, da lambar girman da gwamnati ta ba shi a ƙirji. Mun cika bakin shingen shiga gari, har makiyayan sun zo kallo. Jandarman da ke wurin, baƙo ne bai san shi ba, ya bi dokar da Awudu ya kafa, ya ce ya nuna lambarsa. Mutuminka ya turo ƙirji. Jandarma ya ce ta hannu yake nufi. Salifou, aka naɗe hannun riga, dama da hagu, damtse sumul kamar na jariri!

Ba hanyar gudu. Nan ya zauna a kan benci, gumi na zuba, ya runtse ido aka yi masa. Ardo Bobbo, shugaban makiyaya, ya yi dariya har da hawaye, ya ce in mai kwat ya jure, shi ma zai jure. Kafin la'asar layi ya kai bakin masallaci. Jibi za a buɗe kasuwa! Ni tun jiya nake rawa ni kaɗai a cikin garke.

Ka gaida mutanen gida da 'yan rumfa.

Jiya rediyo ya ce da gangan Farfesa ya yi, dabara ce ta masana don jawo talakawa. To, kai da ka ɓoye shi a bayan buhunan goron babanka ranar da masu lamba suka zo Zongo muna yara, ashe tun lokacin kuka fara shirya dabarar?

Naka har kullum,
Garuba