Mesar da Katafilarku Ta Tsaga Tana Nan a Gidana

Zuwa ga Maigirma Manajan kamfanin da ke gina injin casar shinkafa a bakin fadamarmu, tsakanin Kura da Bunkure.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyalinka da ma'aikatanka, sunana Haruna, tsohon malamin dabbobi ne ni, yanzu kuma ina noman rani a gefen kanal, wato hanyar ruwan noman rani da ta bi ta bayan filinku. Na je ofishinku sau biyar ban samu ganinka ba, shi ya sa na rubuto a fili. Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe.

Na farko, abin da ya faru. Ranar wata Laraba da hantsi, a makon da muka fara dashen tumatir, katafilarku ta shiga kurmin gezar da ke ƙarshen fadama. Ba a gaya wa kowa ba. Ina cikin ban ruwa na ga mutane suna gudu da sanduna, na bi su. Mesa ce, ta kusa ƙafa goma, bakin katafila ya tsaga mata gefen ciki wajen tsawon kamu guda. Tana ta ƙoƙarin komawa raminta, ramin kuwa an riga an baje shi. Na roƙi jama'a su dakata, na ce mesa ba ta da dafi, kuma tun ina saurayi ake ganin irinta a wannan kurmi ba ta taɓa cutar da kowa ba. Da ƙyar suka sauke sandunan. Injiniyanku mai kula da aikin yana tsaye a wurin. A gaban mutane ya ce mini: "Baba, ka riƙe ta kwana biyu, za mu aiko da mota a kai ta daji." A kan wannan magana na ɗauke ta.

Na biyu, abin da na yi. Mu huɗu muka danne ta, aka rufe mata kai da buhu, muka ɗora ta a amalanke. Na wanke ciwon da ruwan gishiri, na tsince ƙasa da tsakuwa daga ciki, na yi mata ɗinki goma sha tara da zaren da nake ɗinke shanu. Shekara talatin na yi ina wannan aiki, ban taɓa ɗinke maciji ba. Na sa ta a tsohon tankin kifi na siminti da ke bayan gidana, na shimfiɗa mata ƙaiƙayi saboda sanyi, na rufe da ragar waya. A mako na biyu ciwon ya yi ruwa, ƙuda ya yi mata tsutsa. Na warware rabin ɗinkin na sake. Mako bakwai ba ta ci komai ba, ƙashin bayanta ya fito, har na fid da rai. Ranar da na tarar ta haɗiye gafiyar da na jefa mata, na zauna a bakin tankin na yi wa Allah godiya. Tun daga nan ta yi saɓa sau biyu, tabon ya haɗe. Ta warke. Kwana biyun injiniyanku ya zama wata huɗu.

Na uku, abin da ya jawo mini. Maƙwabcina Malam Sule, wanda muka yi shekaru muna cin tuwo a kwano ɗaya, ya daina gaishe ni tun da kazarsa ta ɓace, ko da yake na nuna masa ragar ba ta da ɓula. Ana ta yaɗa cewa tsafi nake yi. Matan da ke sayen ƙuli-ƙuli wurin maiɗakina Binta sun daina shigowa, 'ya'yanmu kuma sun hana jikoki kawo mana ziyara. Binta ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, amma shekaranjiya ta ce: "Malam, ni ma fa ina cikin gidan nan." Masu sayen fata sun zo har sau biyu, wani gardi ma ya zo yana so ya riƙa yawo da ita kasuwa-kasuwa. Duk na sallame su. Yanzu Dagaci ya kira ni, cikin mutunci, ya ba ni zuwa Juma'a ta sama in fitar da ita daga gari. Ban ga laifinsa ba.

Na huɗu, zirga-zirgar da na yi. Jami'in gandun daji ya zo ya duba ta, ya kuma nuna wani daji a bakin kogi, nesa da gidaje, inda za a iya sakinta. Abin da ya rage mota ce kawai, domin babur ba zai ɗauki akwatin da za a sa ta a ciki a wannan hanya ba, direbobin haya kuma da sun ji abin da za a ɗauka sai su ce a'a. Zuwana na farko ofishinku an ce kana Kano. Na biyu, an ce in rubuto, na rubuta. Na uku, an ce takardar ta ɓace. Na huɗu, an ce an canza wa injiniyan wurin aiki, kuma babu wanda ya san da maganar. Na biyar, maigadi ya tsayar da ni a ƙofa yana dariya, ya tambaye ni ko ni ne mai macijin. Motocinku kuwa kullum suna wucewa ta ƙofar gidana babu kaya a bayansu.

Kada ka ɗauka rigimar tsoho ce a kan dabba. Tun da aka share kurmin nan ɓeraye da gafiya suka addabe mu. Sun cinye mini irin shinkafa a kwami biyu, sun rarake kunyoyin ban ruwa. Da can mesa da sauran macizai ne ke rage mana su.

Saboda haka ina roƙon abu uku. A ba da mota da direba na yini ɗaya kafin Juma'a, ni da jami'in gandun daji za mu yi sauran. A bar ɗan ragowar kurmin da ke bakin kanal, wanda na ji za a share bayan girbi. Idan kuma dole ne a share, a sanar da mu da kwana biyu, mu shiga da ganga da sanduna mu kori abin da ke ciki kafin katafila ta shiga.

Ranka ya daɗe, ba zan sayar da ita ba, ba kuma zan bari a kashe ta ba. Idan Alhamis ta yi ban ga mota ba, zan sa ta a akwati in turo ta a amalanke har ƙofar kamfaninku, in shimfiɗa tabarmata a gefenta in zauna sai ka fito. Na fi so kada a kai ga haka.

Allah ya yi wa aikinka albarka, ya tsare ma'aikatanka, ya sa ka zama mai cika alkawarin da aka ɗauka da sunanka.

Wassalam.

Haruna, tsohon malamin dabbobi.